Haƙoran Yara: Abin da Ya Kamata Maigida Ya Sani



A sana'ar nan tamu ba mai sayen sa a kasuwar Turaku ta Ashaiman sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora, domin nan shekaru suke. To amma mu nawa ne muka taɓa buɗe bakin ɗanmu muka duba? Ga kaɗan daga abin da likitoci ke faɗi, musamman don mu mazauna Nima da Maamobi da sauran zangunan Ankara.

Haƙoran nono guda 20 ne. Na farko yakan fito wajen wata 6, su kammala kafin shekara 3. Daga shekara 6 suke fara zuba, na dindindin guda 32 su biyo a hankali. Wasu kan ce ai za su zube, don me za a wahala? Wannan kuskure ne. Su ke riƙe wa na dindindin wuri. In sun ruɓe aka cire da wuri, na bayansu sai su fito a karkace. Ga zafi, ga rashin barci, yaro ya kasa taunawa ya rame. A lura kuma, wajen shekara 6 akwai turame huɗu da ke fitowa can ƙurya ba tare da wani ya faɗi ba. Waɗannan na dindindin ne, in sun tafi ba su dawowa.

Abin da muke kira tsutsar haƙori ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne a baki, su ci sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙori har ya yi kogo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 yara kimanin miliyan 514 ne ke da ruɓewar haƙoran nono. Yawan maimaita zaƙi a yini shi ya fi ɓarna. Mafi muni shi ne a kwantar da yaro da bulumboti cike da Milo ko shayi mai sukari, domin yawu na raguwa cikin barci, ba abin da zai wanke bakin. Nan abin ya shafe mu kai tsaye: mun dawo daga Paga ko Bawku bayan sati uku, tsarabarmu alewa da biskit da lemon kwalba. Gara ayaba, lemo, ƙwai ko kifi. In za a ba da alewa, a ba da ita bayan abinci, sau ɗaya.

Kafin haƙori ya fito, uwa ta riƙa share dasashi da tsumma mai tsabta. Da ya fito, a samo ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, safe da dare. Ɗan ƙasa da shekara 3 a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar masara. Ya tofar, kada a kurkure da ruwa da yawa. Babba ne zai goge masa har wajen shekara 7. Asuwaki sunna ne kuma yana da amfani, a koya masa in ya yi wayo, amma a haɗa da man.

Sai maganar fitar haƙori. Yakan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ya kawo zawo mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Wanda ya ce haƙori ne ya zauna, zai iya zama da maleriya a gida. A ba yaro ruwan gishiri da sukari na asibiti, a kai shi a duba. A yi hattara da magungunan haƙori na kasuwa: daga 2008 zuwa 2009 wani mai suna My Pikin da aka gurɓata ya kashe yara 84 a Nijeriya.

Masu zuwa Sakkwato da Nijar su san cutar noma, ba noman gona ba. Takan kama yara masu tamowa 'yan shekara 2 zuwa 6, ta fara da gyambon dasashi da warin baki, cikin kwanaki ta ci kumatu. In an kama da wuri magani na tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999.

A nan Ankara ana duba haƙori a babban asibitin Maamobi da Ridge da Korle Bu. Inshorar lafiya ta NHIS, wadda aka kafa a 2003, ta haɗa da cire haƙori da cike ƙaramin kogo, don haka a sabunta katin yara kafin a kama hanya. Likitoci na so a kai yaro tun yana shekara ɗaya. In an ga farin tabo ko baƙi a haƙori, kada a jira sai kunci ya kumbura. A bar wa uwargida kuɗin mota da izinin zuwa asibiti, ba sai ta jira dawowarmu ba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba da sa'ar kasuwa. Wassalam.