ƘWARIN GIDA DA BORIN JINI, A ZAUNE DA A TAFIYA

Wannan bayani ne zuwa ga malamai ma'abota littattafai da fatake ma'abota tafiya, a kan ƙwarin da ke zaune da mutum a ɗakinsa, da cutar da su ke jawo wa fatarsa da numfashinsa. Bazara ce lokacin yin sa, domin in ta kama, zafi ya tsananta, ƙwari su kan yi ta hayayyafa. A daidai lokacin ne kuma 'yan cirani da almajirai su ke ɗaure tabarma su nufi gida kafin ruwa ya sauka, 'yan kasuwa kuwa suna kai da kawowa tsakanin Arewa da Kurmi. Abin da a ke so mai karatu ya riƙe shi ne, yawancin ƙwarin nan cikin kaya su ke shigowa, su zauna inda su ka sami tsaga da abinci, gubar da a ke saye a kasuwa don korarsu kuwa ta kan fi su saurin halaka mutanen gida.

Fasali na farko, a kan borin jini

Akwai mutumin da in an kaɗe tabarma kusa da shi sai ya kama atishawa, idonsa ya yi ja, hanci ya toshe, alhali ɗan'uwansa yana nan zaune bai ji kome ba. Wani kuwa fatarsa ce ke ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, wani ƙirjinsa ke tsukewa yana fito cikin dare. Asalin waɗannan duka ɗaya ne. Jiki yana da dakarun da ke yaƙar cuta, to a jikin wasu mutane dakarun nan su kan yi kuskure, su ɗauki abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba, kamar ƙurar hunturu, ko bununin gero da dawa, ko gashin kyanwa. Yaƙin da su ke yi shi ke fitowa da kumburi da majina da ƙaiƙayi. Ba a ɗaukarsa daga wani, amma ya kan bi dangi.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Abubakar ar-Razi, likitan birnin Rayyu ta ƙasar Farisa, wanda ya rasu a shekarar 925, ya rubuta risala a kan dalilin da ya sa mura ke kama malam Abu Zaid al-Balkhi duk shekara a lokacin da furen wardi ke buɗewa. A shekarar 1906 wani likitan yara a birnin Biyana, Clemens von Pirquet, ya laƙaba wa abin sunan da likitoci ke kiransa da shi har yau, watau alaji. A 1964 kuma masu bincike a ƙasar Holan su ka gano abin da ke cikin ƙurar ɗaki da ke tayar da ciwon. Wani ɗan ƙwaro ne wanda ido ba ya gani, sai an jera uku kafin su cika milimita ɗaya. Ba ya cizo. Yana zaune cikin katifa da matashi da darduma, yana cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikin mutum, kashinsa ne a ke shaƙa. Daga iska ya ke samun ruwan da ya ke rayuwa da shi, saboda haka rani na rage shi, damina na ƙara shi. Wannan na daga dalilan da su ka sa falken da ya ke lafiya lau a Katsina ko Damagaram, in ya kwana uku a masaukin Legas ko Kumasi sai ƙirji ya tsuke masa.

Kyankyaso ma haka ya ke. Kashinsa da ɓawon da ya ke saɓulewa su kan niƙe su zama ƙura, kuma suna daga manyan abubuwan da ke tayar wa yara asma, wadda magabata ke kira fuka. Ba ƙaramar cuta ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da ita, ta kuma kashe 455,000. Gidan da ke da mai wannan lalura, sai a riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a yi sharar ba ya ɗakin. A wanke zanen gado mako-mako, a shanya katifa da matashi a rana. A rage turaren wuta da hayaƙin maganin sauro na murɗe a inda ya ke kwana, domin gidan sauro mai magani ya wadatar, ba ya kuma hayaƙi.

Fasali na biyu, a kan kuɗin cizo

Kuɗin cizo ba shi da fiffike, ba ya kuma tsalle kamar ƙuma. Tafiyarsa duka a kan guzurin mutum ta ke: cikin ɗinkin jaka, da naɗin tabarma, da kujerar mota, da dilar gwanjo, da tsohuwar katifa da a ka samu da araha. Da rana ya lafe cikin tsagar gado da ta bango, da dare ɗumin jiki da numfashin mai barci su jawo shi. Macen tana ƙwai kaɗan-kaɗan kullum har ya kai ɗaruruwa, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Ya kan yi watanni bai sha jini ba yana raye, don haka rufe ɗaki a tafi fatauci ba ya kashe shi. Ba ruwansa da talauci ko wadata. A shekarar 2023 birnin Faris na Faransa ya cika da kukansa, har maganar ta kai majalisar ƙasar.

An taɓa zaton an gama da shi. A 1939 Paul Müller na ƙasar Suwizalan ya gano ƙarfin maganin DDT, a ka yi ta fesawa a ko'ina. Ba a yi shekara ashirin ba ƙwarin su ka saba da shi, jikokinsu kuma yanzu sun saba da yawancin magungunan feshi na gwangwani. Abin da bai iya sabawa da shi ba shi ne zafi. In zafi ya kai digiri 50 ya kuma jima, shi da ƙwansa duk su mutu. Saboda haka tufafi sai a jiƙa su a ruwan zafi ƙwarai, a goge da dutsen guga a bi ɗinki. Tabarma da jaka da bargo a baza su a ranar tsakar bazara a kan siminti ko kwano, a riƙa juyawa. Katifa mai kauri kuwa rana ba ta ratsa cikinta, sai a bi ɗinkinta da burushi da dutsen guga, in ta lalace a rabu da ita. Gadon ƙarfe ko na katako a kwance shi a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗansa, a liƙe tsagar bango. Bayan kwana goma a maimaita, domin waɗanda su ka ƙyanƙyashe daga baya.

Fasali na uku, a kan hatsi da ɓera da guba

A nan ne babbar hasara ta ke. Mai wake ya ga ƙwaro na huda masa dukiya, sai ya zuba mata maganin gona. Mai ɗaki kuma kuɗin cizo ya hana shi barci, sai ya yayyafa otafiyafiya ko Sniper, ya rufe taga ya kwanta. Sinadarin diklobos da ke cikin irin waɗannan yana shiga jiki ta hanci da fata, ya taɓa jijiyoyi. Alamarsa dalalar miyau, da zufa, da amai, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da sarƙewar numfashi. Saboda yawansa a cikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Nijeriya a 2015, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni.

Wadda ta fi shi muni ita ce ƙwayar maganin hatsi da a ke jefawa cikin buhu. Da ta ji laimar iska sai ta fitar da iskar fosfin, mai ratsa buhu da tsagar bango ta shiga ɗakin da ke maƙwabtaka. Ba ta da makari. Wurinta sito ne da ke nesa da makwanci, a hannun wanda ya koyi aikinta. Duk wanda ya ajiye buhun da a ka sa wa ƙwayar nan a ɗakin da iyalinsa ke kwana, ko almajirai, ya zama garin gyaran gira zai rasa ido. In guba ta taɓa mutum, a fitar da shi sarari, a tuɓe masa tufafi, a wanke fatarsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Akwai hanyar ajiya da ba ta bukatar guba. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da na arewacin Kamaru sun fitar da buhu mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda a ka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 da sunan PICS. In wake ya bushe sarai, a ka ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin da ke ciki su kan shanye iskar, su daina ci da hayayyafa, su mutu. Duro ko jarka mai murfi mai kamawa ma suna wannan aiki, in an cika su har wuya.

Ɓera kuwa ɓarnarsa ba ta tsaya ga sata ba. A 1969 a ka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa ta ƙasar Barno, ƙwayar cutar kuwa tana cikin fitsari da kashin wani ɓera mai yawan nonuwa, ta fi kuma yaɗuwa da rani. Masu magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A rufe abinci cikin mazubi mai murfi, a daina shanyar hatsi a ƙasa a bakin hanya, a toshe ramuka, a ɗana tarko. Kada a taɓa mataccen ɓera da hannu. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro kuma a kai shi asibiti da wuri.

Fasali na huɗu, a kan littattafai

Marubutan Larabawa na dā su kan rubuta kalmar Kabikaj a bangon littafi, suna fatan ta kare shi daga ƙwaro. Wannan ya nuna daɗewar damuwar. Gara daga ƙasa ta ke tasowa, ta gina hanyarta ta laka a jikin bango. Kyankyaso kuwa manne da fatar bango ya ke ci. To gafaka da akwatin littattafai a ɗaga su daga ƙasa, a janye su taƙi ɗaya daga bango, a buɗe su a kaɗe wata-wata, musamman da damina. Busasshen ganyen darbejiya da a ke sawa cikin akwati yana rage kusantar ƙwaro, amma ba ya kashe wanda ya riga ya shiga. Kada a fesa wa rubutun hannu maganin ruwa, domin tawadar da a ka haɗa da ƙaro tana narkewa, rana mai zafi kuma tana gallaza takarda ta karye. Masu kula da tsofaffin littattafai sanyi su ke amfani da shi. A kan nannaɗe busasshen littafi cikin leda a liƙe, a sa shi cikin firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili mako guda ba tare da wuta ta ɗauke ba, in an fitar a bar shi cikin ledar yini da kwana kafin a buɗe. Mai fuka kuma ya ɗaura ƙyalle a hanci in zai kaɗe tsofaffin takardu.

Fasali na biyar, a kan guzurin matafiyi

In matafiyi ya sauka a masauki, kafin ya kwance kaya ya haska fitila a ɗinkin katifa da mahaɗin gado. In ya ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar na tawada, ko tabon jini, to da baƙo a ɗakin. Ya rataye jakarsa, kada ya ɗora ta a gado, tufafinsa kuma su zauna cikin leda a ɗaure. Ya tafi da gidan sauronsa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, irin su Ventolin, a aljihu, kada ya sa shi cikin kayan da a ka ɗaure a saman mota. Maganin ƙaiƙayi da atishawa irin su Piriton yana sa barci, don haka direba da mai babur su nemi likita ya ba su irin wanda ba ya sawa.

Akwai kuma borin jini mai kisa, wanda harbin zuma ko cin gyaɗa ko kifi ko allurar fenisilin ke tayar wa wasu. In leɓe da harshe su ka kumbura, murya ta shaƙe, jiri ya ɗebi mutum, abin na mintoci ne, maganinsa allurar adirenalin a asibiti mafi kusa. Wanda ya san yana da wannan ya gaya wa abokan tafiya tun a tasha, ya kuma rubuta a takarda ya sa a aljihu.

Ranar komowa, kada kaya su wuce tsakar gida sai an kwance su an baza a rana, an wanke na wankewa da ruwan zafi. Malamin da almajiransa su ka dawo daga cirani shi ma ya sa a yi wa tabarmi da buzaye haka kafin su shiga zaure. Wahalar yini guda ce, ta kuma fi sauƙi a kan wata uku ana fama da ƙaiƙayi da sayen guba.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. Haza wassalam.