*YADDA AKE AUNA CIWON TSOFAFFI*



Zazzaɓi akwai abin auna shi, hawan jini ma haka. Amma ciwo ba shi da na'ura, sai an tambayi mai shi.

A Amurka akwai gidajen da ake kula da tsofaffi. Tun 2010, fom ɗin da gwamnati ta wajabta musu cikawa ya tanadi a tambayi tsoho da bakinsa: cikin kwana 5 da suka wuce ka ji ciwo? Sau nawa? Ya hana ka barci? Daga 0 zuwa 10, ya kai nawa? A da, akan lissafa yawan masu fama da ciwo a kowane gida, a wallafa, iyalai su duba kafin su kai nasu. A 2019 aka cire wannan daga makin gidajen, don gudun kada a riƙa ɗura wa tsofaffi magunguna masu sa maye saboda adadi ya yi kyau.

Ga kuma wata matsala: gidan da ba ya tambaya da kyau, shi zai fito da ƙaramin adadi. *Shiru ba lafiya ba ne.*

Mu iyayenmu suna tare da mu a gida, amma darasin ɗaya ne. Ka ce "Baba ya jiki?" ya ce "da sauƙi", alhali bai rintsa ba. Kunya ce da dauriya. Ku nuna musu cewa faɗin inda ke ciwo don a nemi magani ba rashin haƙuri ba ne.

*Yadda za ka tambaya:*
1. "Inna, nuna min wurin da hannu."
2. "Kaɗan ne, matsakaici, ko mai tsanani?"
3. "Yana hana ki barci, cin abinci ko ruku'u?"
4. Rubuta amsar da ranar. Bayan an sha magani da kamar awa 1, sake tambaya.

*Idan mantuwar tsufa ta hana shi bayani fa?*
Akwai ma'aunin PAINAD da aka fitar a 2003. Abu 5 ake dubawa, kowanne a ba shi maki 0, 1 ko 2:
• numfashi, ko yana fita da ƙyar
• nishi ko kuka
• ɗaure fuska ko yamutsa ta
• sandarewar jiki, dunƙule hannu, ture mai taɓa shi
• ko lallashi yana kwantar masa da hankali

Ku lura musamman lokacin wanka da juya shi. Tsohuwar da ta fara faɗa idan an ɗaga ta, kada ku yi saurin cewa rigimar tsufa ce.

*Hattara:* ibuprofen da diclofenac suna iya taɓa ƙoda da cikin tsoho. Kada a ba shi tramadol sai likita ya rubuta. Ciwon ƙirji, ko kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, asibiti kai tsaye. Ku tafi da takardar da kuka rubuta, za ta taimaki likita.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon kyautata musu. A tura wa mai jinyar tsoho.