3.4 Ƙarin Ƙashi a Idon Sawu na Ciki

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda maɗora suka kasa raunin ƙashi gida uku, wato karaya da gocewa da targaɗe. A nan kuwa za a dubi wani abu da yakan yi kama da waɗannan uku, alhali ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne, wato ƙarin ƙashi da akan haifi wasu mutane da shi.

Da farko ya kamata a fahimci yadda wurin yake. Abin da Bahaushe yake kira idon sawu, ta ɓangaren ciki, ba ƙashi ba ne mai zaman kansa, ƙarshen babban ƙashin ƙwauri ne da ya turo. A ƙarƙashinsa akwai ƙashin da ƙwauri ya hau kansa, a gaban wannan kuma akwai wani wanda masana ilimin ƙirar jiki suke kira nabikula. Kalmar daga Latinanci take, ma'anarta ƙaramin jirgin ruwa, don haka a wannan aiki za a riƙa kiransa ƙashin kwalekwale. Akwai kuma wata jijiya mai ƙarfi da ta taso daga sha-raɓa, ta zagayo ta bayan idon sawu, ta kama wannan ƙashi. Ita ce take riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa. Bahaushe dai jijiya yake cewa, ko ta jini ce ko mai ɗaure tsoka da ƙashi, amma ta biyun ake nufi a nan.

Ƙafar mutum, daga dunduniya zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26. To amma kimanin mutum ɗaya cikin goma yana da wani ɗan ƙashi na ƙari a gefen ƙashin kwalekwale, daidai inda jijiyar ta kama. Wani masani mai suna Bauhin ya fara bayaninsa a 1605, sannan a 1914 Geist ya kasa shi iri uku. Na farko ƙarami ne ƙwarai, bai kai ƙwayar gero uku ba, yana cikin jijiyar, kuma ba kasafai yake damun mai shi ba. Na uku ya riga ya haɗe da ƙashin kwalekwale, sai dai ya yi tsini. Na biyun shi ne mai matsala, domin ya fi girma, yakan kai milimita 12, kuma guringuntsi ne kawai ya haɗa shi da uwar ƙashin. Duk lokacin da mutum ya yi gudu ko tsalle sai jijiyar ta fizge shi, mahaɗar ta yi ta motsi har ta kumbura.

Yawanci ciwon yakan bayyana ne lokacin balaga, sa'adda guringuntsin yake rikiɗa ya zama ƙashi, kuma an fi samun kukansa ga 'yan mata. Misali, saurayin da yake buga ƙwallo a filin sukuwa na Nassarawa zai iya gurɗewa, washegari ya ga tudu ja a ƙasan idon sawunsa. Abin da za a fara cewa a gida shi ne ƙashi ya goce, a kai shi wurin ɗori. Maɗori kuwa da hannu yake gani. Idan ya lalubo ƙashi ya turo a inda bai saba ji ba, zai ja ƙafar, ya danna, ya shafa man shanu, ya ɗaure da kara. Wannan hikima ce da ta tashi dubban masu karaya, ba a musun haka. Sai dai a nan babu abin da ya goce balle a mayar da shi, dannawar ma ƙara wa mahaɗar rauni take yi.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a dubi ɗaya ƙafar, domin a mafi yawan masu wannan ƙashi, duka ƙafafuwan biyu suna da shi. Hanya ta biyu ita ce hoton ƙashi, irin wanda ake ɗauka a Asibitin Nassarawa, wanda daga baya aka sa wa sunan Muhammadu Abdullahi Wase. A hoto, gefen ƙashin da ya karye kaca-kaca yake, shi kuwa ƙarin ƙashi sumul yake kamar tsakuwar rafi.

Maganinsa a asibiti shi ne hutu, da takalmi mai faɗi wanda ba ya gugar wurin, da ɗan matashi a ƙarƙashin tafin ƙafa, wani lokaci kuma a sa siminti na wasu makonni. Idan duk wannan ya ci tura, sai a yi tiyata a cire ƙashin a sake ɗaure jijiyar, aikin da Kidner ya bayyana a 1929. Irin wannan aiki na likitocin ƙashi ne, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a 1959. Wanda ƙashin bai taɓa yi wa ciwo ba kuwa, ba ya bukatar a yi masa komai.