Haɗa Kwamfuta da Hannunka: Yadda Ake Zaɓen Kaya da Wutar da Za Ta Riƙe Su

Matasa da yawa masu sana'ar gyaran bidiyo, zanen gine-gine, haɗa kiɗa ko wasannin gem sun fara gane cewa kwamfutar tebur da mutum ya haɗa da kansa ta fi biyan buƙata. Kai za ka zaɓi kowane ɓangare, kuma duk ranar da wani ya tsufa sai ka cire shi kaɗai ka sa sabo. Ɗaure kusoshi da cusa wayoyi aikin yini ɗaya ne. Wahalar tana wajen saye, domin a nan ne ake asarar kuɗi: a kwaso kaya masu tsada waɗanda ba sa shiga juna, ko kuma a ƙarar da kuɗi a kan komai, a zo kan fawa fak, akwatin da ke raba wa kayan wuta, a ce a kawo kowanne ne.

Tambayar farko ita ce: wane aiki kwamfutar za ta yi? Mai shagon buga takardu ba ya buƙatar katin hoto na dabam, firosesa mai ɗauke da nasa sashen hoto ya ishe shi. Mai gyaran bidiyo yana son firosesa mai ƙarfi da RAM mai yawa. Mai gem kuwa kaso mafi girma na kuɗinsa katin hoto zai tafi. Idan ka amsa wannan tambaya, sai ka zaɓi firosesa, domin shi ne ke tsara sauran.

Kowane firosesa yana da irin mazaunin da yake hawa, wato soket, a kan madabod, allon da kayan ke haɗuwa a kansa. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da kasuwar, Intel da AMD, kuma na ɗaya ba ya hawa allon ɗaya. Ko a cikin gida ɗaya ma akwai bambanci. Ryzen 5 5600 na AMD yana hawa soket AM4, amma Ryzen 5 7600 sai AM5, wanda ya fito a 2022. A ɓangaren Intel, zubi na 12 da na 13 da na 14 suna hawa LGA1700, shi kuwa Core Ultra 200S na 2024 sai LGA1851. Ko soket ya dace, tsohon allo yakan ƙi tashi da sabon firosesa sai an sabunta masa BIOS. Haka yake faruwa da allon B450 idan aka ɗora masa Ryzen 5000, ko B660 da zubi na 13. Saboda haka ka nemi jerin firosesocin da kamfanin allon ya ce yana ɗauka, ka kuma tambayi mai shago ko an riga an sabunta shi.

Akwai wani tarko a harafin ƙarshen suna. Firosesan Intel mai F a ƙarshe, kamar Core i5-12400F, ba shi da sashen hoto. Haka ma Ryzen 5 5600, amma ɗan'uwansa 5600G yana da shi. Wanda ya sayi irin waɗannan babu katin hoto zai kunna kwamfuta, fanka na juyawa, fuskar kallo kuwa baƙi ƙirin.

Sai RAM. DDR4 da DDR5 duk ƙafafu 288 gare su, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, kuma dannawa da ƙarfi ɓarna ce kawai. AM4 na aiki da DDR4, AM5 da LGA1851 sai DDR5. Allunan LGA1700 kuwa iri biyu ne, wasu na DDR4 wasu na DDR5, sai ka karanta jikin kwali. Ya fi kyau ka sayi guda biyu masu 8GB da aka haɗo a kwali ɗaya a kan guda ɗaya mai 16GB, domin firosesa yana ɗiban bayanai ta hanyoyi biyu a lokaci guda.

Girma ma abin dubawa ne. Allon ATX, tsarin da Intel ya fitar a 1995, milimita 305 ne da 244. Micro-ATX 244 da 244, Mini-ITX kuma 170 da 170. Babban kes yana ɗaukar ƙaramin allo, ƙaramin kes ba ya ɗaukar babba. Ka gwada tsawon katin hoto da tsayin abin sanyaya firosesa da filin da ke cikin kes ɗin. Wajen ma'ajiyar bayanai, SSD mai siffar M.2 iri biyu ce, NVMe da SATA, kuma ba kowane rami ne ke karɓar duka biyun ba.

Masu son rage kashe kuɗi sukan sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta tokumbo, Dell ko HP, da niyyar ƙara mata katin hoto. A kula, da yawa daga cikinsu an ƙera su da allo da wayoyin wuta irin na kamfaninsu kaɗai, ba tsarin ATX na kowa da kowa ba, kuma wutar cikinsu kaɗan ce. Ka buɗe ka gani da idonka kafin ka biya, ko a Titin Beirut na Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja.

Yanzu ga maganar da ta fi muhimmanci. Fawa fak shi ne ke karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke sha. Ba ya ƙara wa kwamfuta sauri, shi ya sa ake raina shi. Amma idan RAM ya mutu, shi kaɗai ya mutu. Idan fawa fak mara kyau ya ƙone, yana iya tafiya da allo da katin hoto da ma'ajiyar da ke ɗauke da aikinka na shekaru. Araha dai ba ta ado.

Lissafin wat ba shi da wuya. Ka haɗa abin da firosesa da katin hoto ke sha a lokacin da suka fi aiki, ba adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. Core i5-12400F an rubuta masa wat 65, amma yana kaiwa 117 idan aiki ya yi zafi. Core i9-13900K daga 125 yake haurawa 253. Ɗauki misalin i5-12400F da katin RTX 4060 mai shan wat 115: an samu 232. Ƙara kamar 60 na allo da RAM da SSD da fankoki, ka kusa 300. Nvidia kuwa wat 550 ta ba da shawara ga wannan kati, 650 ga RTX 4070, 850 ga RTX 4090. Wannan rata ba almubazzaranci ba ce. Katin hoto yakan fizgi wuta fiye da ƙima na ɗan ƙiftawar ido, kuma fawa fak ya fi aiki da kyau, ya fi sanyi, idan yana ɗauke da kusan rabin ƙarfinsa. Mai wat 550 ba ya shan 550 kullum, abin da kayan suka nema kawai yake ja.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Duba takardar da aka manna a jikin ƙarfen, ka nemi layin +12V, domin daga nan firosesa da katin hoto ke sha. Ka ninka amfiya da 12. Idan an rubuta 54A, wat 648 ke nan, ka ga mai 650 ya faɗi gaskiya. Idan kwali ya ce 600 amma layin ya nuna 20A, wat 240 kawai gare ka.

Tambarin 80 Plus, wanda aka soma a 2004, yana nuna yawan wutar da ba ta tafi a zafi ba. Matakin Bronze yana kai kashi 85 cikin 100 a rabin nauyi, Gold kuma 90. Kwamfuta mai buƙatar wat 300 za ta ja kimanin 353 daga bango da na farko, 333 da na biyu. Mai aiki da inbata da sola ya san darajar wannan bambanci. Sai dai tambarin ba shaidar ƙarko ba ne. Ka duba kariyar da aka lissafa, irin su OVP ta hauhawar wuta, OCP da OPP na nauyin da ya wuce ƙima, SCP ta haɗewar waya, da OTP ta zafi. Ka duba kuma shekarun garanti: nagartattu sukan ba da 5, 7 ko 10.

Wayoyi ma sai an ƙirga. Akwai mai ƙafa 24 ta allo, mai 8 ta firosesa, da mai 6 ko 8 ta katin hoto. Mai 6 tana ba da wat 75, mai 8 tana ba da 150. Ta firosesa da ta kati suna kama amma tsarin wutarsu ya bambanta. Da yawa daga cikin manyan katuna na yanzu suna amfani da mai ƙafa 16 da ke ɗaukar har wat 600, kuma dole a tura ta ta shige sarai, in ba haka ba bakinta yana iya narkewa. Idan fawa fak ɗinka irin mai cirarrun wayoyi ne, kada ka taɓa sa masa wayar wani, ko da ta shiga daidai, domin jerin ƙafafun ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni.

Yanayinmu yana ƙara nauyin wannan zaɓi. Wutar Nijeriya bolt 230 ce a takarda, ta Nijar 220, amma kowa ya san yadda take faɗuwa da daddare, ta dawo da ƙarfi, ga kuma janareta. Nemi wanda aka rubuta wa 100–240V, shi ya fi jure hawa da sauka. Tsofaffi da ke zuwa daga Amurka suna da jan makunni a baya mai 115 da 230; idan aka jona shi yana kan 115, nan take zai fashe. Ka ware kuɗin UPS tun cikin kasafi, kuma ka sani VA ba wat ba ne: mai 650VA sau da yawa bai wuce wat 400 ba. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna gajarta ran kaya, don haka kes mai matatar ƙura ya fi, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa hure shi.

Kafin ka fita kasuwa, rubuta sunan kowane kaya da cikakkiyar lambarsa a takarda, ka bi su ɗaya bayan ɗaya: soket, BIOS, irin RAM, girma, wayoyi, wat. Ka nemi a gwada maka abin da ka saya a gabanka, ka karɓi rasit. Idan kuɗi suka gaza, rage fitilun ado, rage girman ma'ajiya, ko ka soma da RAM kaɗan ka ƙara daga baya. Fawa fak kam saye shi sabo, daga kamfanin da aka sani, domin mai kyau yakan yi wa kwamfutarka ta biyu ma aiki.