Masu Haɗa Agogo da Hannu a Kwarin Joux

A cikin duwatsun Jura na ƙasar Suwizalan, daura da iyakar Faransa, akwai wani kwari da ake kira Joux, inda ƙanƙara takan tsare manoma a ɗaka wata da watanni, har ya zama tun ƙarni na 18 suka riƙa cinye hunturunsu a bakin taga suna ƙera kayan cikin agogo. Daga wannan asali manyan gidaje suka taso, kamar Audemars Piguet da aka kafa a 1875. Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne ƙananan ɗakunan da har yau gwani guda, irin su Philippe Dufour, yake haɗa agogo da hannunsa daga farko har ƙarshe.

Shi agogo mai wani ba ruwansa da batir. Ƙarfinsa yana cikin wani dogon sifirin da ke naɗe a ɗan gwangwani, wanda in an wana shi sai ya riƙa warwarewa yana tura ƙafafu masu haƙora, kuma da za a bar shi da son ransa, da nan take ya zubar da ƙarfin duka. Abin da ke yi masa linzami shi ne wata 'yar ƙota mai baki biyu, tare da mizani mai kai da komowa bisa wata waya wadda ta fi gashin kai siranta. A agogon Dufour mai suna Simplicity, mizanin yana bugawa sau 18,000 a sa'a, watau sau biyar kowane sakan.

To, a nan hikimar take. Gwanin yakan zauna ga teburi mai tsawo wanda ya kusa kai masa haɓa, madubi manne a ido, matsefata a hannu, ya dasa kowace ƙafa cikin ramin yaƙutu, ya rufe, sa'an nan ya ɗan taɓa ta ya ji ko tana da sararin motsi daidai ƙa'ida, domin in ta matse agogo ya tsaya, in ta yi sako-sako lissafi ya ɓaci. Mai kuwa da tsinin allura ake ɗiga shi, sabili da in ya yi yawa sai ya malale ya bar gurbinsa a bushe. Gwanin ba ya taɓa ƙarfen da yatsa tsirara, don gudun tsatsar gumi. Hatta gefen ƙarfen da mai agogo ba zai taɓa gani ba, Dufour yakan goge shi da karan wani tsiron dutse har ya yi ƙyalli, kuma a ganina wannan shi ne haƙiƙanin amana a sana'a.

Bayan mizani ya fara bugawa sai a shiga gwaji na kwanaki, a kwantar da agogon rigingine, a kifa shi, a tsai da shi ta kowane gefe, ana gyara har saɓaninsa ya koma 'yan sakanni a yini.

Lalle agogon batir irin na quartz, wanda kamfanin Seiko na Japan ya fito da shi a 1969, ya fi wannan kiyaye lokaci, ya kuma durƙusar da masana'antu da yawa a Suwizalan. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, har a 2020 hukumar UNESCO ta shigar da ita cikin gadon al'adun bil'adama, da sunan Suwizalan da Faransa tare.