Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Firamare?

Wani manomi mai sauraronmu daga Mahuta yana tambaya: yaran ƙauyukan kewaye duk firamaren garinsu suke zuwa, shin yaya ake raba ɗawainiyar makarantar?

To Malam, gwamnati ba ta yanka wa kowane gari nasa kason. Albashin malaman firamare daga kuɗin ƙaramar hukuma ake cire shi, wato rabon da take samu daga asusun tarayya wata-wata. Ka ga ke nan tukunya ɗaya ce, kowane ƙauye da haƙƙinsa ciki.

Gini da kujeru kuwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Amma jiha ba ta karɓar kuɗin gini sai ta ajiye kwatankwacinsa, sannan hukumar SUBEB ta Katsina ta yi aikin.

Ƙananan gyare-gyare, kamar kwanon da iska ta yaye, galibi iyaye ke haɗa hannu. Shawararmu, kowane ƙauye ya sa wakilinsa a kwamitin makaranta, a raba gudummawa bisa yawan yara, a tara bayan kaka, a rubuta. Amma kada a kori yaro don ubansa bai bayar ba, domin doka ta ce firamare kyauta ce.

Allah ya sa mu dace.