Gasa da Ɗebe Kewa a Wasannin Ƙasar Bunkure

Duk wasan da ke tara jama'a yana da fuska biyu. Ta farko ita ce gasa, wato neman fifiko a kan abokin karawa. Ta biyu kuwa ita ce ɗebe kewa, wato ɗan kallo ya manta da wahalar duniya na ɗan lokaci. Wannan maƙala za ta dubi waɗannan fuskoki a ƙasar Bunkure da Kura.

A gargajiyance, kaka ita ce lokacin dambe da kokawa, domin an kai amfanin gona gida, jiki ya huta, aljihu kuma ya yi nauyi. Dambe, wanda aka fi sanin mahauta da shi, gasa ce tsantsa. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare, ya bar ɗayan domin kariya, a yi turmi uku. Wanda ya kai ƙasa, an ce an kashe shi. Abin da ake nema ya wuce kuɗi: suna ne, da martabar gari. Shi ya sa har yau ake tuna Shago da Ɗandunawa ta bakin Ɗan'anace.

To, amma da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Rani, wanda a da lokacin hutu ne, ya zama na noman alkama da tumatir da albasa. Hutun da manomi kan samu na watanni ya koma na 'yan sa'o'in dare, gidan kallon ƙwallo kuma ya shigo ya cike su.

A nan ne bambancin yake. A filin dambe, mai gasa ɗan gari ne, kayensa kayen kowa. A gidan kallo kuwa, ana karawa a Ingila ko Sifen, matashi ya ɗauki nasarar da ba tasa ba, ya kwana da baƙin cikin da bai shafe shi ba, wani ma har ya zuba kuɗin taki a caca.

Ɗebe kewa ba laifi ba ne, muddin mai yin sa zai farka da asuba ya kai ruwa gonarsa. Tumatir dai ba ya jiran a tashi daga wasa.